Kwana bakwai a jirgin ruwa daga Split zuwa Dubrovnik: ciki ya gode, amma iska ce sarauniya

Jirgin ƙarami ne, irin waɗanda ke ɗaukar fasinja ƙasa da arba'in, da ɗakunan kwana a hawa biyu da rumfar shan iska a sama. Yana tashi daga Split ranar Asabar, ya bi tsibiran gaɓar Dalmashiya ta ƙasar Kuroshiya, ya sauke mutane a Dubrovnik wata Asabar. Tsarin yini kusan ɗaya ne kullum. A tada inji da sassafe, a yi tafiyar awa uku zuwa huɗu, a tsaya a wani lungun teku don masu iyo, a ci abincin rana a jirgi, da la'asar a shiga tasha a kwana.

Abin da ya kamata mutum ya fara tambaya kafin ya biya shi ne me ake nufi da "an haɗa komai". A wannan tafiya kuɗin ya ƙunshi karin kumallo da abincin rana kullum, da abincin dare na wasu ranaku, da ziyarar gonakin inabi. Sauran dararen kowa da aljihunsa a gari. Kuɗin tasha da tukuicin ma'aikata ma daban ne, kuma da tsabar kuɗi ake karɓa. Ƙasar ta koma amfani da yuro tun 1 ga Janairu 2023, don haka a riƙe ƙananan takardu.

Abincin jirgi mai kyau ne, sai dai bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kicin ɗin matsattse ne, mai girki kuma yana fitar da faranti kusan arba'in a lokaci guda, to dole ya zaɓi abin da zai jure jira. Shi ya sa baƙar shinkafarsu, wadda suke kira crni rižot, da ake dafawa da baƙin ruwan nan mai kama da tawada na wata dabbar teku, ta zo a daskare sau biyu. Irin wannan shinkafa da ɗan ruwa-ruwa ake cinta, minti goma a kan kanta ya isa ta shanye romonta ta cure. Gasasshen kifi da blitva, ganye mai kama da alayyafo, da dankali da man zaitun kuwa bai taɓa ba da kunya ba.

Girkin da ya biya kuɗin tafiyar a tudu yake, wato peka. Ana jera naman rago, ko na maraƙi, ko dabbar tekun nan mai hannaye takwas, tare da dankali da albasa da man zaitun a cikin faffaɗan faranti na ƙarfe. A kife shi da murfi mai siffar ƙararrawa, a ɗora a kan murhun da ya riga ya yi zafi, a lulluɓe murfin da garwashi. Yakan ɗauki awa biyu ko fiye. Ana buɗewa sau ɗaya a tsakiya don a juya, domin duk buɗewa zafi da tururi ke tserewa. Idan garwashin sama ya yi yawa, dankalin ya ƙone nama bai nuna ba. Idan ya yi kaɗan, sai a samu dafaffen nama fari fat, babu ɓawon nan mai ƙamshi. Ba a shiga gidan abinci a ce a kawo peka nan take, sai an yi oda tun da safe ko tun jiya. A tsibirin Vis aka ci wadda ta fi kowacce. Tsibirin sansanin soja ne da aka hana baƙi shiga har 1989, kuma har yanzu bai cika da cunkoso kamar tsibirin Hvar ba.

Ɓangaren giyar inabi an tsara shi da ilimi. A Lumbarda da ke tsibirin Korčula akwai farin inabi mai suna Grk, da ke fitowa a ƙasa mai yashi. Furensa mace ne zalla, ba ya iya yi wa kansa barbara, don haka ake dasa wani jan inabi mai suna Plavac Mali a tsakanin layukansa. Wannan ne dalilin ƙarancinsa da tsadarsa. Pošip, shi ma na Korčula, ya fi samuwa kuma ya fi dacewa da kifi. Jan da ake alfahari da shi Dingač ne, daga zirin Pelješac, wanda a 1961 ya zama na farko a ƙasar da doka ta kare sunan yankinsa. Gonakin suna kan gangare mai tsananin tsayi da ke fuskantar teku, inda inji ba ya aiki sai hannu. Kafin manoman su huda dutse su yi hanya mai tsawon mita 400 a shekarun 1970, da jakuna ake tsallako da inabin. Rana tana dukansa daga sama, teku da farin dutse suna mayar masa da haske, sai sukari ya taru, ƙarfin giyar ya kai kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, wani lokaci ya haura.

A nan aka yi kuskuren da bai kamata a gani a tafiyar alfarma ba. An zuba Dingač da tsakar rana a rumfar sama, kwalbar ta sha zafi. Jan inabi mai irin wannan ƙarfi a kan ma'aunin zafi 16 zuwa 18 ake ba da shi. Da ya wuce haka, warin barasa ke danne ƙamshin, masu sha kuma barci ya kwashe su kafin a isa tasha.

Wanda ba ya shan giya ko ba ya cin alade, ya rubuta wa kamfanin tun kafin tafiya, ya kuma maimaita wa mai girki ranar farko. Pršut, busasshen naman da ake buɗe kusan kowane tebur da shi, alade ne. Pašticada naman sa ne, amma ana cusa masa kitsen alade, a dafa shi da giya. Gregada, romon kifi da dankali na Hvar, galibi da farar giya ake yinsa. Soparnik, siririn burodi mai cike da ganye da albasa, ba shi da ko ɗaya. Ba a rage wa mara sha kuɗi ba, kuma lemon kwalba kawai aka tanadar masa. Wannan rowa ce.

Kawar garin Mali Ston, wato dabbar tekun nan mai ɓawo biyu da ake kira oyster, ta cancanci sunanta. A jikin igiyoyi ake renonta cikin wani mashigin teku da ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana gauraya da na gishiri. Ana ciro ta a gabanka, a buɗe, a matsa lemon tsami. Ta fi ƙiba a watan Maris, a lokacin zafi na tsakiyar shekara takan rame. Kusa da wurin akwai filayen gishirin Ston da ganuwarsa mai tsawon fiye da kilomita biyar.

Iska kuwa ba ta san takardar tsari ba. Maestral ta la'asar mai sanyaya jiki ce. Bura, mai saukowa daga duwatsu ta arewa maso gabas, kwatsam take zuwa da ƙarfi. Jugo ta kudu maso gabas ita ke tara igiyar ruwa ta kwana biyu ko uku tana hura tashin zuciya. Ita ce ta sa kyaftin ya soke zuwa kogon nan mai shuɗin ruwa na tsibirin Biševo, domin ƙofarsa gajeriya ce, ƙaramin kwale-kwale ba ya shiga idan ruwa na tashi. Yarjejeniyar ta ba shi ikon canza hanya, kuma ba a mayar da ko kwabo.

Game da ɗaki, a guji na ƙasa ta baya. Nan inji da janareta suke, tagar kuma 'yar zagaye ce da ba ta buɗuwa. A tasha jirage kan jeru gefe da gefe, huɗu ko biyar, sai ka tsallaka ta cikin na wasu kafin ka taka ƙasa. Ga mai ciwon gwiwa, da dare, wannan ba wasa ba ne.

Tarihi a gurguje ake nuna shi. Fadar sarkin Rum Diocletian a Split, wadda aka gina wajen shekara ta 300, awa ɗaya da rabi aka ba ta. A Dubrovnik jirgin a tashar Gruž yake tsayawa, kusan kilomita uku daga tsohon birni, sai an hau bas zuwa ƙofar Pile. Ganuwar ta kusa kilomita biyu, matakala ce da yawa, inuwa kaɗan. A hau da zarar an buɗe da safe, kafin fasinjojin manyan jirage su iso. Wanda ke da zaɓin lokaci ya ɗauki Yuni ko Satumba. A Satumba teku na da ɗumi har yanzu, ana kuma cikin girbin inabi.