Ciwon baya mai sauka ƙafa: allurar ruwan sukari ko allurar sitiroyid?

Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce sati shida ke nan ciwo na tasowa daga ƙugunka, ya bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya har tafin ƙafar hagu, wani lokaci kamar an jona maka wutar lantarki. Likita ya yi maka maganar allurar sitiroyid a gadon baya, ƙaninka da ke Amurka kuma ya ce ka nemi firolotarafi, allurar ruwan sukari da ake yi wa jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi. Kana tambaya wacce ta fi.

Alluran biyu ba wuri ɗaya suke nufa ba, kuma ba aiki ɗaya aka ɗora musu ba. Sitiroyid kashe kumburi yake yi. Ita kuwa firolotarafi da gangan take tayar da kumburi.

Bari in fara da ta ƙanin naka, tunda ita ce baƙuwa a wurinmu. Wani likitan tiyata na jihar Ohayo a Amurka, George Hackett, shi ya yayata ta a shekarun 1950, har ya fitar da littafi a kanta a 1956. A ganinsa, yawancin ciwon baya daga sakwarkwacewar jijiyoyin da ke ɗaure ƙashin baya da na kwankwaso yake zuwa. Sai ya ce a tsikari wurin da wani ruwa mai tayar da kumburi, jiki ya ɗauka rauni ne sabo, ya turo kayan gyara, jijiyar ta yi kauri ta ƙara ƙarfi. Yau abin da aka fi amfani da shi ruwan gulukos ne mai kauri, kashi 12.5 zuwa 25 cikin ɗari, a gauraye da maganin kashe zafi irin lidoken. A zama ɗaya ana iya soka allura wurare da dama, kuma zaman kan kai uku zuwa shida, da tazarar makonni tsakani. Bayan an yi, wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki, kuma masu yin ta sukan hana shan diklofenak ko ibufurofen, don kada a kashe kumburin da aka tayar.

Allurar sitiroyid kuwa ciki take shiga, cikin sararin da ke kewaye da rigar laka, kusa da inda jijiyar ƙafa ke fitowa daga ƙashin baya. Galibi ana yin ta ne ana kallon allurar ta na'urar hoto. Dalilinta a fili yake. Tsakanin kowane ƙashin baya da na ƙasansa akwai wani faifai mai taushi. Idan ya tsage ya bullo, yakan danne tushen jijiyar, ya kuma fitar da sinadaran da ke sa ta kumbura. Kusan tara cikin goma na ciwon sayatika, wato ciwon da ke bin jijiyar ƙafa daga ƙugu ya sauka ƙasa, daga nan yake, yawanci a faifai biyu na can ƙasan ƙugu. Wanda matsalarsa ke nan, aka ce za a ƙarfafa masa jijiyar ɗaure ƙashi da ruwan sukari, kamar wanda ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa ne aka zauna ana gyara masa maɗaurin takalmi.

Amma kada in zalunci Hackett. Akwai abin da ya gani daidai: ba duk ciwon da ke sauka ƙafa ne daga jijiyar laka yake ba. Gaɓar da ta haɗa ƙarshen ƙashin baya da kwankwaso, da jijiyoyin da ke riƙe da ita, suna iya aika ciwo zuwa ɗuwawu da bayan cinya. Irin wannan ba kasafai yake wuce gwiwa ba. Yana tashi idan mutum zai miƙe daga kujera, ko zai juya a kan gado, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya, kuma mata bayan haihuwa suna yawan fama da shi. Na jijiyar laka kuwa yakan wuce gwiwa, ya zo da mutuwar fata ko jin tsikarar allurai, tari ko atishawa su harba shi har yatsu. Idan mutum ya kwanta rigingine aka ɗaga ƙafar a miƙe, ciwon kan taso tun ba a kai ta sama sosai ba. Abin da ka siffanta ya fi kama da na biyun, amma hannun likita ne zai tabbatar.

To, me gwaji ya nuna? A 2004 an yi wani a Ostireliya da mutum 110 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An yi wa wasu allurar gulukos, wasu kuma ruwan gishiri kawai. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. A 2007 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci ne, ta tattara gwaje-gwaje biyar masu mutum 366, ta ce firolotarafi ita kaɗai ba ta fi allurar da aka kwatanta ta da ita ba. Inda aka ga amfani, kamar gwajin da mujallar Lancet ta buga a 1987, an haɗa ta ne da motsa jiki da murɗa baya, don haka ba a iya ware rabon allurar daga rabon sauran. Ka lura kuma, waɗannan gwaje-gwajen a kan ciwon baya aka yi su, ba a kan faifan da ya danne jijiya ba. Rashin gamsasshiyar hujja ne ya sa tsarin inshorar lafiya na tsofaffi a Amurkar da ƙaninka yake, Medicare, ba ya biyan kuɗinta. Daga aljihu ake biya, zama bayan zama.

Wurin da ta ɗan yi abin kirki shi ne waccan gaɓar ta kwankwaso. A 2010 likitoci a Koriya ta Kudu sun gwada ta da sitiroyid a kan mutum 48 da aka riga aka tabbatar daga gaɓar ciwonsu yake. Bayan wata 15, fiye da rabin waɗanda aka yi wa gulukos suna nan da sauƙinsu, a ɓangaren sitiroyid kuwa kusan ɗaya cikin goma ne kawai. Gwajin ƙarami ne, amma a ganina ya isa a ce mai irin wannan ciwon yana da hujjar tambayar likitansa.

Ita ma sitiroyid ba zan yi mata kwalliya ba. An gwada ta a kan masu sayatika sosai, kuma abin da ake samu sauƙi ne matsakaici na 'yan makonni. Ba ta mayar da faifai mazauninsa, kuma bayan shekara da wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba kusan ɗaya suke. Amfaninta shi ne ta ba mutum sararin yin barci, ya iya tafiya, ya iya zuwa gashin ƙashi. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2016, ta yarda a yi ta ga mai sabon sayatika mai tsanani, ta kuma hana alluran baya ga mai ciwon baya zalla. Tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, don haka in kana da ciwon suga ka faɗa tun kafin a ɗauko sirinji. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa, ko da yake ba kasafai ba, tana iya jawo mummunar illa ga laka. Firolotarafi ma allura ce kusa da ƙashin baya: ƙwayar cuta na iya shiga, allura na iya taɓa jijiya ko ta huda rigar laka a tashi da ciwon kai mai tsanani.

Abin da masu tallan kowace allura ba sa son faɗa shi ne, yawancin masu irin ciwonka suna samun sauƙi cikin sati shida zuwa goma sha biyu, domin jiki da kansa yana tsotse ɓangaren faifan da ya bullo. A Holan an gwada mutum 283 a wani bincike da aka buga a 2007: an yi wa wasu tiyata da wuri, wasu aka ci gaba da lallaɓawa. Masu tiyata sun riga samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo kusan kashi 95 cikin ɗari na kowane ɓangare sun warware. Duk maganin da aka yi maka a sati na takwas, shi zai kwashe yabon abin da lokaci ya yi.

Da ni ne, zan fara da barin likitan ƙashi ya tantance tushen ciwon, a asibiti irin na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa da kai, in ya ga dama ya sa hoton MRI. A ƙasarmu sai an cire tarin fuka na ƙashin baya daga lissafi, musamman in akwai zazzaɓin dare, gumi da rama, domin zuba sitiroyid a kan wannan ƙara wa wuta fetur ne. Idan faifai ne, a ci gaba da tafiya daidai ƙarfi da gashin ƙashi, a ajiye sitiroyid sai ciwon ya hana barci. Firolotarafi sai in an tabbatar gaɓar kwankwaso ce. Sannan don Allah ka guji allurar ɗuwawu a kemis, domin jijiyar da ke damunka ta nan ta wuce, kuma akwai yara da manya da suka rasa ƙarfin ƙafa ta wannan hanyar.

Idan kuwa fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ka ga ƙafar tana ja ba ka iya ɗaga yatsu, wannan ba maganar zaɓen allura ba ce. A kai ka sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.