Kawunan Vortec a kan tsohuwar Nova: araha mai zuwa da danginta

Dala 140 na biya, na turo su a baro daga filin matattun motoci da ke bayan garin Kolombus a jihar Ohayo ta Amurka, hannuwana duk baƙin mai, ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Kawunan inji ne guda biyu, tof silinda kamar yadda bakanikai ke cewa, irin waɗanda ake kira Vortec. Da kaina na kwance su daga wata Chevrolet Suburban 'yar 1998 da aka daki bayanta. A daren nan na ce wa maiɗakina aikin injin gaba ɗaya ba zai wuce dala 600 ba. Har yau in tana son tsokanata, wannan lissafin take tuna min.

Motar da nake fama da ita Chevrolet Nova ce 'yar 1972, mai ƙofa biyu, da inji 350, wato lita 5.7, silinda 8. A ido sai ka rantse zaki ce, amma a takarda ƙarfin doki 165 kawai gare ta. Ta fito ne a lokacin da aka fara dakushe motocin Amurka: a 1970 aka tsaurara dokar tsabtar iska, a 1971 GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta rage matsin injunanta, wato yadda fistan ke matse iska da fetur, don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, a 1972 kuma aka sauya yadda ake auna ƙarfin inji, aka koma aunawa da salansa da duk kayan da ke rataye a jikinsa. Hanyar da suka bi wajen rage matsin ita ce faɗaɗa kwarmin da wuta ke tashi a cikin kan inji zuwa cc 76, da sa fistan mai rami a ka. Matsi ya sauko 8.5 zuwa 1 a rubuce, in ka auna da gaske ma da ƙyar yake kaiwa. Ƙasan injin lafiyarsa lau, a sama numfashi ke sarƙewa.

Shi ya sa duk wanda ka tambaya yadda za a ƙara wa 350 ƙarfi ba tare da an sayar da gida ba, sai ya ce maka Vortec. GM ta sa waɗannan kawuna a kan injin L31 na a-kori-kura da Tahoe da Suburban daga 1996, kuma wannan injin, mai faɗin silinda inci 4.00 da tafiyar fistan inci 3.48 daidai da nawa, ƙarfin doki 255 yake bayarwa daga kamfani. Ba kan inji kaɗai ya kawo bambancin ba, amma shi ne uban tafiyar. Kwarminsa cc 64 ne, mai siffar zuciya, fulogi ya matso kusa da tsakiya, sai wuta ta cinye fetur da sauri. Bawul ɗin shiga inci 1.94, na fita 1.50, ba su fi na tsohon girma ba, sai dai hanyar iskar an ɗaga ta an gyara mata kwana. Kuma noti 17 ɗin da ke riƙe kowane kai suna faɗawa daidai a ramukan tsohon bulo, babu fafa babu huji. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa suke zube a filayen matattun motoci.

Wanda zai je nema ya cire murfin bawul ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen. Wadda ta ƙare da 062 ko 906 ita ake so. Akwai ƙaninsu na inji 305 mai lamba 059, kamarsu ɗaya daga nesa, amma bawul ɗinsa ƙanana ne. Na ga wani saurayi ya kwashe awa biyu a ƙarƙashin rana yana kwance na 305, sai da ya kai bakin ƙofa aka gaya masa.

Ni ma ban tsira ba. Na kai nawa wurin wani dattijo mai shagon gyaran ƙarfen inji, mutum mai ƙarancin magana, gilashinsa kullum a kan hanci. Bayan ya wanke su a tukunyar zafi, sai ya kira ni ciki. Ya ɗora wani maganaɗisu mai ƙafa biyu a kan kwarmin silindar tsakiya, ya barbaɗa garin ƙarfe kamar mai zuba yaji, ya hura a hankali. Garin duk ya watse, sai wani siririn layi da ya tsaya cak, ya taso daga mazaunin bawul ɗin fita ya gangara cikin kwarmi. Da ido tsirara babu abin da za ka gani a wurin, na shafa da farce ma ban ji komai ba.

Na ce, "Baba, ba za a iya yi masa walda ba?"

Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Yaro, za a iya. Kuɗin waldar ya ninka kuɗin wani kan sau uku, kuma ranar da zai sake buɗewa ba zai yi maka sallama ba. Motar da ka ciro shi ta taɓa tafasa. Koma ka samo wani."

Na koma, dala 70. Wannan karon na duba lagireton motar tukuna, na buɗe murfin baƙin mai na tabbatar babu wannan farin kumfa mai kama da madara. Ƙarfen waɗannan kawuna ba shi da kauri kamar na shekarun 1960, ba ya yafe zafi. Duk wanda ya saya a filin matattu bai kai an gwada da maganaɗisu ba, caca ya yi.

Daga nan dangin amarya suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Manifol ɗin da kafireta ke zama a kai na tsohon inji noti 12 gare shi, a karkace. Na Vortec 8 ne, a tsaye, kuma bakin hanyar iskar ya fi tsayi. Babu dabarar da za ta sa tsohon ya zauna, dole sabo. Na sayi Edelbrock Performer na Vortec, dala 280, ya ninka kuɗin kawunan farko. Ya zauna daram, ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai a kula da ɗaurin notinsa, ƙarfin fam-ƙafa 11 kacal ake so, abin da mai sifana a hannu zai ga kamar wasa. Murfin bawul ma na tsakiyar noti ne, tsofaffin nawa masu ƙyalli sai rataya a bango. Fulogi mai dogon zare yake so, na tsohon kai gajere ne. Ramin na'urar auna zafi ya fi ƙanƙanta. Roka kuma, wato ƙarafan da ke danna bawul, dole masu 'yan kunnuwa biyu da ke rungumar kan bawul, don ramin da sandar turi ke bi ba ya riƙe ta a saiti. Wannan dai Allah ya taimake ni na kwaso na Suburban ɗin a cikin gwangwani.

Babban abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya zaɓi kamshaf, wato sandar mai tozaye da ke buɗe bawul, shi ne waɗannan kawuna an yi su ne don motar ɗaukar kaya, ba a bar wa bawul wurin nitsewa da yawa ba. Bututun da bawul ke bi yana da tsayi da kauri, robar mai tana zaune a kansa, to in tozon kamshaf ya danna bawul ya wuce wajen inci 0.450 zuwa 0.480, hular sifirin ɗin bawul za ta zo dab da robar, har tana iya sauka a kanta. Kowane kai da iyakarsa, sai an auna. Ni kuwa na riga na saka ido a kan wani kamshaf mai ɗaga bawul inci 0.488, saboda wannan gurnanin da yake sa mota in tana tsaye a danja.

Wata Asabar na zauna a gareji da agogon awo. Na cire sifirin, na bar bawul da hularsa, na kafa allurar agogon a kan hular, na saki bawul a hankali har na ji ya taɓa roba. Na farko 0.512. Na biyu 0.505. Na bi duk 16 ina rubutawa a bayan kwalin fulogi, mafi ƙanƙanta ya ba ni 0.498. Ana son a bar tazarar wajen 0.050 ko fiye, ka ga ke nan kamshaf ɗin da nake kwaɗayi zai ragargaza robobin a makon farko, mai ya riƙa zuba cikin silinda, in abin ya ƙi ma sandar turi ta lanƙwashe. Mafita biyu ce: a kai wa dattijo ya datse bututun, ko a sa sifirin mai siffar amya da ƙaramar hula. Ni na bi ta uku, wadda ba ta cin ko sisi, na haƙura da gurnani na sayi kamshaf mai ɗagawa 0.443. Ban yi nadama ba. Ƙarfin waɗannan kawuna dama a ƙarama da matsakaiciyar ɗagawa yake, kuma motata giyar TH350 ce mai sauya kanta, da kambun baya 2.73, wato giyar da ke juya tayoyin baya. Babban kamshaf a irin wannan mota sai ƙara ba gudu. Sifirin dai na sauya, dala 90, don na asali sun gaji.

Ƙasan inji ban ɓata masa kuɗi ba. Silinda ba su ci sosai ba, aka goge su kawai, na mayar da fistan ɗinsa na asali da sababbin ringi, sabon metal, famfon mai da sarƙar taimin. Dabara ɗaya da dattijo ya ba ni ta fi kuɗinta: maimakon gasket mai kauri 0.040, na sa siririn na ƙarfe mai 0.015. Fistan ɗin waɗannan injuna yakan tsaya wajen 0.025 ƙasa da bakin bulo, sai tazarar da ke tsakaninsa da shimfiɗaɗɗen gefen kai ta zama wajen 0.040. Wannan matsatsin yana fesa gaurayen iska da fetur zuwa wurin fulogi, yana rage ƙwanƙwasar inji. Da lissafina matsi ya hau wajen 9.4. Sharaɗinsa fuskar bulo da ta kai su zama sumul.

Ranar tayarwa ita ce ranar da ban ci abincin rana ba. Kamshaf irin nawa mai tafet shimfiɗaɗɗe, wato ƙarfen da ke gogar tozonsa, a minti 20 na farko ake samunsa ko a rasa shi. Na zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, na juya famfon mai da injin huji har na ga mai ya fito a kan roka 16, na duba jerin wuta sau uku, 1-8-4-3-6-5-7-2. Ya kama a murɗa ta biyu. Nan take na ɗaga totur tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, ba a barinsa ya yi silo ko na daƙiƙa goma. Ƙofar gareji a buɗe, fanka a gaban lagireto, fentin bututun hayaƙi yana ƙonewa yana wari, idona ɗaya a kan allurar mai ɗaya a kan ta zafi. Maƙwabcina ya leƙo ta shinge, na ɗaga masa hannu alamar haƙuri. Da agogo ya cika na kashe, na zubar da man, na yanka filta na buɗe takardarta a rana. Babu ƙyallin ƙarfe. Sai a lokacin na ji yunwa.

A kan titi fa? Mota ta sauya hali. Da can in zan hau babbar hanyar I-270 sai na taka har ƙasa ina addu'a tirela ta rage gudu. Yanzu rabin totur ya isa, kuma in na danna daga tsaye tayar dama ta baya sai ta yi ƙara ta bar baƙin layi. Daga 2,000 zuwa wajen 5,000 jan ba ya yankewa. Abin da ya fi ba ni mamaki dilko ne. Tsohon kai sai an ba shi digiri 36 na gabatar da wuta kafin ya farka, wannan kuwa a 32 ya fi jin daɗi, in na ƙara sai ya fara ƙwanƙwasa ba tare da ƙarin ƙarfi ba. Fetur mai lamba 89 yake sha lafiya. Kafiretar Quadrajet tsohuwa na saya na wanke na sauya mata kayan ciki, kuma muddin ban buɗe manyan maƙogwaronta biyu na baya ba, shan manta bai fi na da ba.

Inda suke ba ni haushi shi ne sanyi. Tsofaffin kawuna suna da wata hanya da ke ratsa hayaƙi mai zafi ta ƙarƙashin kafireta don ɗumama ta. Vortec ba su da ita, don an yi su ne wa inji mai fesa mai da kwamfuta. A watan Nuwamba a Ohayo, in na tayar da safe sai ta yi minti biyar zuwa bakwai tana tari, in na yi gaggawar sa giya ta mutu a bakin titi. Cok mai lantarki ya rage abin, bai kawar da shi ba. Haka nan babu ramin da ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe, sai da na ja wani tiyo daga manifol zuwa famfon ruwa allurar zafi ta daina tsalle.

Da na tattara rasit, kawuna uku 210, aikin dattijo 340, manifol 280, murfi 20, sifirin 90, gasket da noti da fulogi 150. Dala 1,090 ke nan a kan abin da na shigo da shi gida ina cewa 140. Kayan ƙasa da kamshaf 520, kafireta da kayanta 160, jimla 1,770. Ga mai mota irin tawa, wanda zai tsaya a ƙaramin kamshaf ya yi kwance-kwancen da hannunsa, har yanzu ban ga abin da ya kai su riba ba, kuma gobe ma zan sake saye. Amma wanda ransa ke kan ɗagawa 0.500 zuwa sama ya zauna da biro tukuna. In aka datse bututu, aka zare turakun roka na dannawa aka yanka zare aka sa masu ɗauri, aka sayi sifirin masu tsada, kuɗin ya taka ƙafar sababbin kawunan alminiyom da ke zuwa a haɗe cikin kwali, marasa nauyi, waɗanda ba su taɓa tafasa a motar kowa ba.

Tsagaggen kan yana nan a gareji, shi ke tokare min ƙofa in iska ta taso. Kuɗin da nake tarawa yanzu na kambun baya ne, ina son sauke 2.73 in sa 3.42, kuma wannan karon ban faɗa wa maiɗakina adadi ba.