Zaɓen A-kori-kurar da Za Ta Iya Jan Tirelar Kwana

Tirelar kwana, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, ba ta yawaita a Sakkwato ba, amma 'yan kwangila da manoman da ke daɗewa a gona, irin masu aiki a wajajen madatsar ruwa ta Goronyo, sun fara tambaya a kanta. Wanda zai saya ya kamata ya fara sanin nauyin tirelarsa kafin ya taya mota, domin tirelar ce za ta nuna masa motar da ta dace.

Nauyin da ake nufi shi ne na tirela cike da kaya, har da tankin ruwa, da janareto, da tukunyar gas, da buhunan abinci. Lita 200 ta ruwa kaɗai kilo 200 ce. Toyota Hilux mai injin dizal 2.8 da Ford Ranger da Isuzu D-Max mai injin 3.0 duk ana rubuta musu jan kilo 3,500 a ƙasashe da yawa, da sharaɗin tirelar tana da birkinta, idan kuwa ba ta da shi, iyakarta kilo 750. Wannan adadi ƙarshen ƙarfin motar ne, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar yana sauka ne a kan ƙugiyar baya, wato ƙarfen da ake ɗaura tirelar a jikinsa, don haka wanda ya cika bayan motar da kaya, ya kuma ɗauki mutum biyar, ya riga ya cinye wani ɓangare na ƙarfin. A ganina, duk wanda tirelarsa ta kusa tan uku ya daina kallon wannan rukuni.

Hilux ɗin da ta fi yawa a titunanmu mai fetur ce 2.7, kuma a nan mutane da dama suke ruɗuwa, domin jiki ɗaya ne amma ƙarfin ja ya bambanta ƙwarai. Ta fetur tana da sauƙin gyara, kayanta suna ko'ina, sai dai da an ɗaura mata nauyi za a ji tana nishi a hawa, tana shan mai fiye da kima. Ta dizal ta fi ta ja nesa ba kusa ba, amma ba ta yafe gurɓataccen mai. Ranger tana da daɗin tuƙi, matsalarta ita ce ba kowane bakanike ne ya san ta ba. Land Cruiser 79 kuwa ta fi su jure yashi da ramuka, ga tsada, ga taurin zama.

Akwai kuma manyan na Amurka da ake shigowa da su ta Kwatano, irin su Tundra mai injin 5.7, wadda ke jan fiye da tan huɗu. Ga babbar tirela ita ce ta dace, idan aljihu zai ɗauki kuɗin man da take sha.

Zafin Sakkwato shi ne babban alƙali. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma motar da ke jan nauyi a hanyar Gusau da tsakar rana lagiretonta da man giyarta ne za su fara gajiya, musamman mai giya otomatik wadda ba ta da na'urar sanyaya man giya. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri.

Kafin a biya kuɗi, a durƙusa a leƙa ƙarƙashin bayan motar. Ƙugiyar kirki da kusoshi ake ɗaure ta a jikin shasi, wadda mai walda ya liƙa a bamba kuwa tana iya ɓallewa a ramin farko. A auna ƙwallon ƙugiyar ma, domin na Turai milimita 50 ne, na Amurka kuma galibi inci 2, bambancin da ido ba ya gani amma yakan hana bakin tirela zama daidai. Tirelolin Amurka yawanci birkinsu na lantarki ne, saboda haka sai an saka wa motar na'urar da ke sarrafa shi, a kuma gwada shi tare da fitilun baya tun a wurin dillali.