Gargaɗi ga mutanen Tahoua game da mai filashin waya da ya ci mini jikka 45

Jikka 45 wani yaro mai filashin, wato sake zuba wa waya manhajarta, ya ci mini, sefa 45.000, kuma ya bar ni da wayar da ba ta kira ba ta karɓar kira. Na yi kwana goma ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, domin shekara ashirin ke nan ina fataucin albasa tsakanin Galmi da Tahoua, ina hulɗa da masu saye na Abijan da Akara, kuma ba a taɓa sanina da sakaci a kan kuɗi ba. Amma da na ji cewa ba ni kaɗai ya yi wa haka ba, sai na ga shiru ya zama taimaka masa.

Wayata Samsung ce, ba ta mutu ba, tana kashe kanta ne ta sake tashi sau uku ko huɗu a yini. Na kai ta wani tebur a gefen babbar kasuwa, inda yaron yake zaune da kwamfuta da wayoyi jere a gabansa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce: "Baba, wannan ƙaramin abu ne, filashin kawai take so, amma sai an sayo mata manhaja ta asali daga waje, jikka 15." Ana cikin haka aka kira la'asar, ya rufe kwamfutarsa, muka yi salla sahu ɗaya, kafaɗata na gogar tasa. Da muka dawo na tambaye shi ko abin da ke cikin wayar zai ɓata, ya dafa ƙirjinsa ya ce: "Baba, amana ce, ko hoto ɗaya ba zai fita ba." Wannan dafa ƙirjin shi ne abin da yake dawo mini kullum idan na kwanta. Wane ne zai zargi yaron da ya tsaya kusa da shi a sahu, ya kira shi baba, ya ambaci amana? Ban miƙa wayata ga ɗan tasha ba, na miƙa ta ga mai sana'a da ke da tebur da kayan aiki, a wurin da kowa ke wucewa yana ganinsa.

Kuɗi na biyu, jikka 20, na ba shi ranar Laraba. A'a, kafin nan sai da na karɓi wayar ranar Litinin da dare na tarar babu komai a cikinta: babu lambobin masu saye, babu saƙonnin murya na WhatsApp da muka yi ciniki a cikinsu, babu hotunan takardun lodin mota, babu lissafin bashin buhunan da na tura. Sannan rezo bai hau ba ko sanda ɗaya. Na sa katin Airtel, na cire na sa na Moov, duk ɗaya. Da na koma ya ce lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, ita ce ta faɗi saboda tsufan waya, kuma sai an sayi izini a intanet kafin a mayar da ita, jikka 20. Na biya, domin lokacin kwasar albasa ne kuma kowace rana ba waya hasara ce. Daga baya ya ce kuɗin bai isa ba, a ƙara jikka 10. Ko ranar Alhamis ce ko Juma'a, na ruɗe, amma na ba shi a hannu a gaban mai shayin da ke kusa. 15 da 20 da 10, jikka 45. Ranar Asabar teburin babu kowa, lambarsa kuma a kashe.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani shi ya zaunar da ni ya buɗe mini abin, kuma tun daga nan baƙin cikina ya ƙaru, domin na gane cewa kowace kalma da yaron ya faɗa mini ƙarya ce da aka shirya. Manhajar gindi ta wayar Samsung ba dunƙule ɗaya ba ce, kashi huɗu ce, kuma ana zuba ta da wata manhaja ta kwamfuta mai suna Odin wadda ke da gurbin kowane kashi. BL shi ne mai tayar da waya, shi ke fara aiki da zarar an danna maɓallin kunnawa. AP shi ne mafi girma, a cikinsa Android ɗin kansa yake. CP shi ne mai kula da rezo, wato kira da saƙo da intanet na layi. CSC kuma yana ɗauke da tsarin ƙasa da na kamfanin layi. Waɗannan fayiloli ana sauke su a intanet kyauta, abin da ake kashewa kawai kuɗin data ne, saboda haka jikka 15 na "sayo manhaja daga waje" ba su sayi komai ba. Da ya ce ladan aikinsa ne, da ban yi magana ba, domin mai sana'a yana da haƙƙin guminsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar CSC. Fayil ɗin iri biyu ne a cikin kunshin: wanda aka rubuta CSC kawai yana share duk abin da ke cikin waya, wanda aka rubuta HOME_CSC kuma yana barin kayan mutum yadda suke. Duk mai filashin ya san wannan tun ranar da ya fara koyo. Ke nan lokacin da yake dafa ƙirji yana cewa ko hoto ɗaya ba zai fita ba, ya san abin da zai yi, kuma bai ce mini in kwashe lambobina ba, abin da ba zai ɗauki rabin sa'a ba.

Maganar IMEI ma haka take. Lamba ce mai alƙaluma 15 da rezo ke gane waya da ita, tana zaune a wani sashe daban mai suna EFS, kuma filashin na ƙa'ida da fayilolin asali ba ya taɓa wannan sashe. Ba ta faɗuwa don waya ta tsufa. Ɗan yayata ya danna *#06# babu lamba, ya duba bayanin waya ya ga wurin sigar modam, wato manhajar da ke kula da rezo, an rubuta ba a san ta ba. Ya shiga allon da ake filashin a cikinsa ya nuna mini alamar tsaro ta Samsung mai suna Knox ta koma 1 maimakon 0, wanda ke nuna an zuba wa wayar abin da ba na kamfani ba, kuma wannan alama ba ta komawa har abada. Ni na kai waya mai kashe kanta kawai, me ya kai shi EFS? Mai shayin ya gaya mini cewa mutum uku sun zo neman yaron kafin ni, kowa da kukan rezo. Ɗaya mai Tecno ne, kuma ɗan yayata ya ce a wayoyi masu kwakwalwar MediaTek akwai zaɓin share komai kafin zubawa a manhajar SP Flash Tool, wanda ke goge sashen NVRAM inda tasu lambar take. Ni a ganina da gangan yake lalatawa don a dawo a sake biyansa.

Akwai masu cewa me ya sa na ƙara biya bayan na ga ta farko. Wanda motarsa ke hanyar Abijan da buhu ɗari biyu kuma ba shi da lambar direba ba zai yi mini wannan tambaya ba. Ban biya don wauta ba, na biya don ina cikin matsi kuma ya san ina ciki.

Ina da hoton kwalin wayar mai ɗauke da IMEI ta asali, da hoton allon da ke nuna babu lamba, da saƙon da ya aiko wa ɗana yana neman jikka 10 na ƙarshe. Zan saka su gobe in Allah ya kai mu, bayan na kai ƙara wurin 'yan sanda. Kafin ku ba kowa waya ku danna *#06# ku rubuta lambar a gabansa, ku kwashe kayanku, ku tambaye shi CSC zai sa ko HOME_CSC, kuma kada ku biya sai kun ga rezo ya hau.

Har yanzu akwai mutum biyu a Akara da nake bi kuɗin albasa, kuma shaidar cinikin tana cikin saƙonnin muryar da ya share. Jikka 45 na san adadinsu, wannan kuwa ban ma gama lissafa shi ba.