Malamar da ta biyo mu shago bayan an tashi daga bita

Shekara goma sha huɗu ina sana'ar ɗinki a Kano, kuma bitar da na halarta ta kai biyar. Duk kanwar ja ce: a zauna a ɗaki mai sanyi, a ci shinkafa da kaza, a karɓi satifiket da kuɗin mota, a dawo shago a ci gaba da neman almakashi a ƙarƙashin tulin ƙyallaye. Ta bara ce ta fita daban, saboda wata malama cikin masu koyarwar ta ce tana bin mutane har wurin aikinsu, ziyara huɗu cikin wata biyu, amma sai an biya ta. Kuɗin ya kai ladan ɗinkin babbar riga uku masu aiki. Sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin na amince.

Abin da aka koya mana shi ne Kaizen, tsarin Japanawa na gyara kaɗan-kaɗan kullum, wanda kamfanin Toyota ya yi suna da shi. A ciki akwai matakan da ake kira 5S: ware kayan amfani daga tarkace, ba kowane kaya mazauninsa, shara, mayar da hakan ƙa'ida, sannan ɗorewa a kai. Habasha ma ta rungume shi har ta kafa masa cibiya a 2011. Na rubuta komai a littafi, littafin kuma ya yi mako uku a jaka ban buɗe ba.

Ranar da ta fara zuwa, littafin ta nema. Abu goma sha bakwai na jera zan aiwatar. Ta soke goma sha huɗu, ta nuna na farko ta ce, "Alhaji, wa zai yi wannan, kuma wace rana?" Na ce dukkanmu. Ta ce ita ba ta ga wani yaron shago mai suna Dukkanmu ba. Dole kowane aiki ya samu sunan mutum ɗaya da ranar gamawa. Nan take ta sa aka yayyanka jan ƙyalle, aka ɗaura wa duk abin da aka daɗe ba a taɓa ba, aka kai lungu. A ranar muka tono almakashi uku, da shaddar wani kwastoma da na sayo masa wata a Kantin Kwari na biya shi, ina zaton ta ɓata.

Ziyara ta biyu ce ta fanshe kuɗina, ko da yake ban ji daɗinta ba. Ta ɗauko batun saɓa alkawarin ɗinkin Sallah, ta ce za a yi tambayar "me ya sa" sau biyar a jere, dabarar da Taiichi Ohno na Toyota ya yaɗa. Da ta ga yaran sun sunkuyar da kai, sai ta roƙe ni in je wajen mai shayi. Gaskiyarta, babu yaron da zai faɗi laifin ogansa yana zaune. Da na dawo na tarar da amsar a rubuce: ba ɗaukewar wuta ba ce babbar matsalar, ba kuma lalacin yara ba. Ni ne nake karɓar aiki da baki, in yanka wa mutum rana don kunya, ban duba abin da ke gabanmu ba. Babban yarona ya ce, "Oga, a yi haƙuri, ita ta matsa." Daga ranar muka kafa allo mai gida uku: an karɓa, ana kai, an gama. In gidan tsakiya ya cika, ba a yanka wa kowa rana sai an rage.

Tana da nata aibin. Takardunta duk da Turanci suke, alhali yarana biyu ajami kawai suke karantawa, sai ni na zauna na mayar da su Hausa. Ziyara ta uku ta makara da kwana goma. Ta kuma nace a kan taron minti goma da ƙarfe takwas na safe, ta manta tela kan kwana a kan keke idan wuta ta zo da dare. Mu muka mayar da shi bayan azahar, sannan ya zauna. A goman ƙarshe na azumi kuwa allon ya sha ƙura, har mutum huɗu suka je idi da tsofaffin kaya, amma a da sukan fi goma.

Mai yara biyar zuwa sama, wanda zai iya jure jin laifinsa daga bakinsu, ya nemi irin wannan hidima. Mai keke ɗaya kuwa ya riƙe kuɗinsa. Yanzu a bangon shagon akwai katako da aka zana siffar kowane almakashi da tef, don a gane wanda babu. Jiya gurbi ɗaya ya wayi gari fayau, na yi ta faɗa, ƙaramin yaron ya nuna aljihun rigata.