GARGAƊI: Mai tallar tsofaffin babura ya cuce ni a kan Honda CB750

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar tsofaffin babura waɗanda ba sa tashi, yana cewa gyara kaɗan suke so. Macuci ne. Ya karɓi kuɗina kaf, rabi kafin alƙalami, rabi kafin a loda, ga kuɗin ɗauko a kai, ya turo min gawar babur. Ina wannan rubutu raina yana tafasa.

Tun kafin wani ya ce wa ya aike ni sayen abin da ba ya tashi, bari in faɗa. Haka masu farfaɗo da tsofaffin babura suke saye a ko'ina. Babur in ya daɗe a ajiye, fetur ya bushe ya toshe kafireta, batir ya mutu, kontak ya yi tsatsa, ba zai tashi ba, kuma duk wannan aikin bakanike ne na kullum. Tambayar da ake yi ita ce, inji yana juyawa ko ya kafe? Ita na fara yi masa, tun kafin a yi maganar kuɗi.

CB750 ne fa. Silinda huɗu, kafireta huɗu, salansa huɗu, irin wanda Honda ta fara fitarwa a 1969 da birkin faifai a gaba. Wanda ya san babur ya san ba kullum ake cin karo da shi ba, ni kuma na daɗe ina nemansa.

Ya ce min, ina da muryarsa a ajiye: "Malam, ba zan ɓoye maka ba, ba ya tashi. Tankin akwai tsatsa a ciki, kujerar ma ta yage. Amma inji lafiya lau yake, tsakani da Allah." Wannan maganar ce ta kama ni. Ba zan ɓoye maka ba. Mutumin da ya fara lissafa maka aibin kayansa da bakinsa, har da tsatsar cikin tanki wadda ba za ka gani a hoto ba, ta yaya za ka zarge shi? Ina ta maimaita sauraron saƙon nan, murya a sanyaye, babu gaggawa. Tsakani da Allah, in ji shi.

Duk da haka ban tsaya a maganar baki ba, na ce ya turo bidiyo yana taka kik. Ya turo. Ƙafarsa ta sauka sumul har ƙasa, ya sake takawa, ta sake sauka. A nan na tura rabin kuɗin. A'a, rabin na tura shi tun da ya ce wani mai saye zai zo da mota ya ɗauka, bidiyon ne ya sa na cika ragowar rabin. Ko ma dai yaya ne, rasit ɗin duka suna hannuna da lokacin da aka tura kowanne, zan saka su ku gani. Rabi, sannan rabi, sannan kuɗin ɗauko da ya ce direba ba zai motsa ba sai an biya.

Da aka sauke babur ɗin na hau kik da duk nauyina, ko gezau. Kamar an dasa shi a siminti. Bakanike ya kwance fulogi, na tsakiyar nan biyu suka fito jajir da tsatsa, ruwa ya kwana a silinda ba shekara ɗaya ba. Na nuna masa bidiyon, ya kalla, ya mayar baya, ya ce: "Yallaɓai, kik ɗin nan sauka kawai yake yi, bai taɓa inji ba." Shi ya sa babu numfashin inji a bidiyon, sai ƙarar ƙarfe. Da gangan ya saita kyamarar daga tanki zuwa ƙasa. Wannan shiri ne, ya zauna ya tsara shi.

Ba a nan ta tsaya ba. A gefen hagu, inda sarƙa ke hawa haƙorin gaba, jikin injin ya taɓa fashewa. Sanannen ciwo ne a waɗannan babura, in sarƙa ta tsinke tana dukan wurin. An cusa gam, an bi da fenti ruwan azurfa, farce na sa ya ɓare.

Na manta da maganar takardu, wannan tun farko ne. Na nemi lambar shasi, ya turo hoton takarda da babban yatsansa a kan ƙarshen lambar. Ya ce ai lambar inji da ta shasi a Honda ba sa zuwa iri ɗaya tun daga kamfani. Gaskiya ne, na san haka, shi ya sa ban ja ba. Ya ɗauki gaskiya ya rufe ƙarya da ita. Lambar da ke wuyan shasin an kankare ta, an shafe da baƙin fenti. Yanzu ko na gyara shi, da wace takarda zan yi masa rajista? In na sata ne fa?

Da na kira shi, kun san abin da ya ce? "Ai na gaya maka ba ya tashi." Daga nan ya toshe ni ko'ina. Kuɗina duka, rabi da rabi da na ɗauko, amsar da na samu ke nan.

Kada ku tura ko sisi sai kun je, ko kun aiki bakaniken da kuka yarda da shi. A cire fulogi, a sa yatsa a ramin, a taka kik ba tare da an taɓa kuloci ba. A duba lambar shasi da ido.

Har yanzu tallarsa tana yawo, yanzu da wani Yamaha RD350, kalmomi iri ɗaya, har da "ba zan ɓoye maka ba". Na tattara hirarmu, bidiyon, rasit da hoton wuyan shasin, zan kai ƙara, kuma zan saka su duka da zarar bakanike ya buɗe kan injin na ɗauki hoton fistin ɗin.