Landan zuwa Paris: Hajiya, ki hau jirgin ƙasa, amma ki dawo da wuri

Hajiya, barka da war haka, Allah ya sanya albarka a karatun yaron. Kan batun ko jirgin ƙasa ko na sama daga Landan zuwa wajen ƙaninki a Paris bayan bikin yaye ɗalibai, tunda labarin soke jiragen Eurostar, wato jirgin ƙasan da ke haɗa biranen biyu, ya sa miki shakka: ki hau na ƙasa. Sharaɗi ɗaya gare shi, kada ki dawo Landan ranar da jirginki na Abuja zai tashi.

Da mahaifiyata na bi hanyar nan, ga ta da ciwon gwiwa, ba ta iya dogon zama a takure. Muka shiga a tashar St Pancras da ke tsakiyar Landan. Nan aka duba fasfonmu, jami'an Birtaniya da na Faransa duk a wuri ɗaya, saboda haka da muka isa Paris babu wani layin shige da fice da muka sake bi. Fulas ɗin shayinta ba wanda ya ce ta zubar, don dokar nan ta milimita 100 da aka saba da ita a filayen jirgin sama ba ta aiki a can. Da ƙafar ta fara yi mata tsami sai ta miƙe, ta taka zuwa ƙarshen tarago ta dawo, ta zauna ta miƙe ƙafa tana kallon gonaki. Ta ɗan tsorata da aka ce mata za a bi ta ƙarƙashin teku, ta riƙe carbinta. Ramin kilomita 50 ne, tun 1994 ake bin sa, kuma kamar minti 20 ne kin fito. Da haske ya dawo na ce mata mun shigo Faransa, ta yi hamdala, ta ce a zuba mata shayi. Awa biyu da kusan minti 20 muka sauka a tashar Gare du Nord ta Paris, cikin gari, ba ta gaji ba. Har yau idan ana hirar tafiyar, jirgin nan take fara ambata kafin garin kansa.

Ga kuma kaya, wanda na san ke ma zai dame ki da tsarabar 'yan uwa. Tikiti na talaka ma ya ba ki akwati biyu da jakar hannu, ba a auna nauyi, illa dai tsawon akwati kada ya wuce santimita 85, kuma ke ce za ki ja abinki.

Jirgin sama, to, yana kai mutum. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne a sama, sauran wunin kuwa a hanyar filin jirgi da layin bincike da jiran akwati yake ƙarewa. Na taɓa sayen tikiti mai araha na wani kamfani, da aka ɗora kuɗin akwati da na motar shiga gari sai ya zarce na jirgin ƙasa.

Yanzu abin da ya tsorata ki. Gaskiya ne, jirgin nan yana tsayawa, kuma idan ya tsaya, cak yake tsayawa. Ranar 30 ga Disamba 2023 ruwa ya cika wani rami da layin ke bi ta ƙarƙashin kogin Thames, aka soke duk jiragen ranar, mutane dubbai suka maƙale ana gab da sabuwar shekara. Ranar 26 ga Yuli 2024, ranar buɗe gasar Olamfik a Paris, wasu suka cinna wa wayoyin layukan jirgin Faransa wuta, aka yi ta soke jirage har ƙarshen makon. Ranar 7 ga Maris 2025 ma'aikata suka tono wani tsohon bam na Yaƙin Duniya na Biyu a Saint-Denis, kusa da layin da ke shiga Gare du Nord, babu jirgin da ya shiga ko ya fita Paris zuwa Landan ranar. A Yunin shekarar kuma ɓarayi suka yanke wayar layin jirgi kusa da birnin Lille na arewacin Faransa.

Dalilin da ya sa abin ke yin muni shi ne hanya ɗaya ce tak, rami ɗaya, kuma kamfani ɗaya ne ke ɗaukar fasinja daga Landan ta cikinsa. Ga shi layi ne na ƙasa da ƙasa, matsalar Ingila tana shafarsa, ta Faransa ma haka, har yajin aikin ma'aikata. Mu ma ranar da layin Kano zuwa Maraɗi ya kammalu, wanda marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, za mu ga haka. Mutanen Jibiya sun san yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya tsayar da komai wata da watanni. Da zarar Eurostar ya tsaya, kowa sai ya ruga neman jirgin sama, farashi ya haura sama cikin 'yan awoyi, motocin bas masu bi ta Dover da Calais su cika.

Amma ki lura da abu ɗaya a duk waɗannan ranaku: yawanci kwana ɗaya ne ko biyu, washegari jirage sun ci gaba. Wanda ke da rarar kwana bai yi asarar komai ba sai ɓacin rai, domin idan an soke jirgi ana canja maka rana kyauta ko a mayar maka da kuɗinka. Idan jinkiri ne na awa ɗaya zuwa biyu kina da haƙƙin kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, daga awa biyu kuma rabi. Wanda ya shiga uku shi ne mai jirgin gida a daren ranar. Tikitin jirgin ƙasa daban, na Abuja daban, kamfanin jirgin sama ba ruwansa da dalilin da ya sa ba ki zo ba. Sai sabon tikiti, a farashin ranar, da kuɗin waje. Ke da kanki idan jirginki na Umara zai tashi daga Kano da safe, ba za ki taso daga Katsina da asuba ba, kwana za ki yi a Kano. Haka za ki yi a nan. Ki dawo Landan kwana biyu kafin tashinki, in ya matse ko kwana ɗaya ne.

Kada kuma wani ya ce miki na sama ba ya tsayawa. Makonni biyu bayan bam ɗin nan, ranar 21 ga Maris 2025, gobara a wata tashar wutar lantarki ta rufe Heathrow kusan wuni guda, jirage fiye da 1,000 abin ya shafa. Abin da zan yarda da shi kawai, Landan tana da filayen jirgi da yawa, kuma idan jinkirin jirgin sama ya kai awa uku da laifin kamfani, diyyarsa ta fi tsoka, fam 220 ko yuro 250.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa. Ki yi hattara da masu sayar da tikiti ta WhatsApp, masu cewa suna da hanyar samun rabin farashi. Wasu hoton tikiti kawai suke turowa wanda ba a biya ba, wasu da katin banki na sata suke saye, sai kin isa ƙofa na'ura ta ƙi karɓa. Ranar da aka soke jirage kuma sai shafukan bogi su fito a Facebook da X da tambarin kamfani, suna cewa ki turo lambar katinki a mayar miki da kuɗi. Ki sa yaron ya saya a shafin Eurostar ko manhajarsu da kansa, tun yanzu, don farashi hawa yake yi idan rana ta matso. In kuwa ta hannun ejan kika bi, ki karɓi lambar rijistar tikitin, ki buɗe ta a shafinsu ki ga sunanki kafin ki cika masa kuɗinsa.

Bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa. Ki nemi ta Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, tun kina gida Najeriya, kada wani ejan ya ce za a yi miki ita a Landan. Ki isa tasha kamar awa ɗaya da rabi kafin tashi, ana rufe ƙofa saura minti 30. A lokacin zafinsu agogon Landan daidai yake da namu, na Paris kuma ya wuce da awa ɗaya, ki duba da kyau ranar dawowa. Kilishi da dambun nama da man shanu kuma ki bar su a gida, dokarsu ta hana shiga da nama da kayan nono daga waje, ko ta sama ko ta ƙasa.